Hanyar Dempster, Inda Rana Ba Ta Faɗuwa

Duk wanda Allah ya hore wa lafiya da guzuri, ya kuma ɗaura niyyar yin hutun bazara a ƙuryar arewacin Kanada, to, lalle ya bi hanyar Dempster, wadda aka buɗe a 1979, ta tashi daga kusa da Dawson, ta ratsa duwatsu da daji, kimanin kilomita 740, har Inuvik. Kusan dukkanta tsakuwa ce, an jibge ta da kauri don kada zafi ya narkar da daskararriyar ƙasar da ke ƙarƙashi, saboda haka mai hankali ba ya fita sai da safayar taya. A hanya zai ga barewar karibu tana kiwo, wataƙila da beyar, sa'an nan jirgin fito ya ƙetarar da motarsa kogin Mackenzie.

Amma babban abin al'ajabi, a ganina, shi ne rana, wadda takan yi kusan mako takwas a Inuvik ba ta faɗi ba. Shi ya sa malamai suka yi fatawa a ƙaddara lokutan salla da na gari mafi kusa mai dare da yini, ko da na Makka. Akwai masallaci a Inuvik, wanda aka ɗauko ɗungurungum daga Winnipeg a 2010.