GOMBE TA RAGE WA TALAKA JE-KA-KA-DAWO

(Wannan jawabi an yi shi ne a birnin Gombe ga waɗansu 'yan kasuwarmu mazauna Kudu waɗanda suka zo ganin gida. Mun buga shi domin amfanin waɗanda ba su sami zuwa ba.)

 

Abin da aka nemi in yi magana a kansa yau shi ne yabo, kuma na san yabon hukuma ba abu ne mai daɗin ji ba a kunnen ɗan kasuwa. Ba na ganin laifinku. Mutumin da ya taɓa kwana bakwai yana safa da marwa tsakanin ofis da ofis saboda takarda guda, yau a ce masa akawu ya tafi jana'iza, gobe a ce fayil ya ɓata, jibi a ce sai ya ga masinja, ba ya da sauran bakin yabo. Amma adalci shi ne, yadda muke ɗaga murya idan an cuce mu, haka ya kamata mu ɗaga ta idan an sauƙaƙa mana, domin ma'aikacin da ya gyara bai ji kowa ya ce masa sannu ba, ba zai daɗe ba zai koma halin 'yan'uwansa.

To, ga abin da ya faru. A cikin shekarar 2016 Gwamnatin Tarayya ta kafa wata majalisa mai suna PEBEC a ƙarƙashin shugabancin Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Farfesa Yemi Osinbajo, aikinta shi ne kawar da ƙayoyin da ke kan hanyar mai neman halaliyarsa. A shekarar 2021 wannan majalisa ta auna jihohi 36 da Abuja domin ta ga inda ya fi sauƙin kasuwanci. Ba gwamnoni ta tambaya ba, 'yan kasuwa ta tambaya, ƙanana da matsakaita, game da hanyoyi da tsaro, da yadda ake samun bayani daga hukuma, da dokoki da haraji, da ƙwarewar ma'aikata. Jihar Gombe ce ta zo ta ɗaya. Aka sake awon a shekarar 2023, ta sake zuwa ta ɗaya. Jihar da sai ranar 1 ga watan Oktoba 1996 aka yanke ta daga Bauci, ga ta a waɗannan shekaru biyu gaba da Ikko da Kano, inda manyan masu jari suke.

Kada a fahimce ni a baibai. Ba a ce Gombe ta fi Ikko dukiya ba, ba a kuma ce kasuwar Tudun Hatsi ta fi ta Anacha ciniki ba. Abin da aka auna shi ne yawan wahalar da mutum ke sha a hannun hukuma kafin ya kafa sana'arsa ya ci gaba da ita. Kuma irin wannan matsayi ba gado ba ne, duk awo sabo ne.

Bari in daɗe kaɗan a kan maganar fili, domin ita ce ta fi shafarku. Kusan babu wani a cikinku da ba ya aiko da kuɗi gida a saya masa fuloti, ko domin ya gina wurin da zai sa haƙarƙarinsa idan ƙarfi ya ƙare, ko domin ya yi rumbun ajiyar wake da masara. Kun kuwa san yadda labarin yakan ƙare. Mutum yana can Kurmi yana shan rana da ruwan sama, shaidarsa duka ita ce 'yar takardar da dillali ya rubuta, mai unguwa ya sa hannu. Bayan shekara biyar ya dawo ya tarar wani ya yi ginin ƙasa a wurin, shi ma da tasa takardar, wani lokaci ma da hannun dillali ɗaya. Daga nan sai shari'a, sai gaba tsakanin gidaje biyu da babu wanda ya yi sata a cikinsu.

Asalin wannan rikici yana cikin yadda ake ajiye bayanin ƙasa. Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978 ta danƙa dukkan ƙasar jiha a hannun gwamna amana: filin birni shi ke ba da takardar shaidar mallakarsa, na karkara kuwa ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin zama a kansa bisa al'ada. Har ila yau, wanda ke da takardar gwamna ba ya sayarwa ko ya jinginar sai da yardar gwamna. Doka ce mai nauyi, amma shekara da shekaru an ɗora ta a kan fayil na takarda da ke cikin kabad, wanda gara ke ci, ruwa ke jiƙawa, mai mugun nufi kuma ke ɓoyewa har sai an ba shi na goro. Abin da gwamnatin Muhammadu Inuwa Yahaya, wanda ya hau mulki a 2019, ta yi shi ne kafa hukumar GOGIS, wadda ke auna filaye ta shigar da taswirarsu da sunayen masu su cikin kwamfuta. Fili ɗaya, lamba ɗaya, mai shi ɗaya. Abin da ya shiga na'ura ba ya ɓata don akawu ya yi fushi, kuma mai saye yana iya zuwa ya bincika tun bai ƙirga kuɗinsa ba.

Amfani na biyu ya fi na farkon girma, ko da yake ba kowa ke lura da shi ba. Fili marar takarda dukiya ce a kwance, banki ba ya karɓarsa jingina. Ranar da ya sami takardar shaida, ranar ya zama jari. Mai injin niƙa da ke son ƙara na biyu, ko mai sayen riɗi da ke son ya cika mota maimakon rabi, a nan ne zai sami abin da zai nuna.

An kuma yi aikin hanyoyi a ƙarƙashin shirin da ya ƙudurta kilomita 100 a kowace ɗaya daga ƙananan hukumomi 11 na jihar, aka keɓe hekta 1,000 domin masana'antu a kusa da madatsar ruwa ta Dadin Kowa, wadda aka gina mata tashar lantarki mai ƙarfin megawat 40. Waɗannan kuna iya zuwa ku gani da idonku, ba sai na ɓata muku lokaci ba.

Dattawan da ke nan za su ce wannan hali ba baƙo ba ne a ƙasar Buba Yero, kuma sun yi gaskiya. Garin nan da muke zaune a cikinsa sai a 1919 ya zama mazaunin sarki, bayan Gombe Abba da Nafada. Cikin 'yan shekaru ya cika da baƙi, Hausawa da Barebari da Yarabawa da Ibo, saboda manomi ya ji ana samun gona ba tare da wulaƙanci ba, ɗan kasuwa ya ji akwai auduga da gyaɗa, daga baya kuma jirgin ƙasa ya iso a farkon shekarun 1960. Har wata Baturiyar Ingila, Mary Tiffen, ta rubuta littafi a 1976 a kan yadda himmar talakan ƙasar Gombe ta bunƙasa arzikinta. Watau ƙasar nan da baƙo ta girma. Ku da kuka san ɗacin baƙunci a garin wasu, kun fi kowa sanin darajar wannan.

Sai dai ba zan sauka ba tare da na taɓo inda takalmi ke matsi ba. Yawancin abin da na lissafa aikin gwamnatin jiha ne, alhali kuwa talaka ba gwamna yake gamuwa da shi kullum ba. Wanda yake gamuwa da shi shi ne mai yankan rasit a bakin kasuwa. Tsarin Mulkin 1999 ya ba ƙananan hukumomi kula da kasuwanni, da tashoshin mota, da mayanka, da shaguna, da rajistar haihuwa da mutuwa da aure. Tun gyaran 1976 da ya kawar da En'e aka yi mana alkawarin kawo mulki kusa da jama'a. Ranar 11 ga watan Yuli 2024 kuma Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye daga asusun Tarayya. Saboda haka shugaban Akko, ko na Dukku, ko na Funakaye, shi ya kamata mu fara tambaya: kuɗin rumfa nawa ne, an rubuta shi a allo inda kowa zai gani? Rasit nawa mai buhu ɗaya zai yanka kafin ya fita kasuwa? Wanda ya amsa da kyau, a faɗi sunansa a bainar jama'a a yaba masa, a cikin jaridu da rediyo da tarurrukanku na zango, domin na kusa da shi ya ji kunya ya yi koyi.

Direbobi kuwa, na ga kuna ta girgiza kai, na kuma san dalili. Motar shanu ko ta wake da ta tashi daga Kumo ba ta isa Ikko sai ta wuce shingaye barkatai, kowanne da sanda mai ƙusa da tikitinsa, da sunan wata ƙaramar hukuma. Ku sani, doka ta 21 ta shekarar 1998 ta hana kowa, har da hukumar haraji, kafa shinge a kan hanya domin karɓar haraji. Sauƙin da aka yi muku a Gombe yana iya ƙarewa a kan hanya tun ba ku tsallake Kwara ba, kuma a ƙarshe mai sayen mudu a Agege shi ke biya. Wannan ƙara ce da ƙungiyoyinku za su kai gaban gwamnonin jihohin da kuke ratsawa, ku tafi da rasit ɗin a hannu, da kwanan wata da sunan wurin.

Kafin ku koma, ina roƙon duk mai fili a garin nan ya ware yini ɗaya daga kwanakin ziyara. Ya ɗauki takardun cinikinsa, ya tafi ofishin GOGIS da ƙafarsa, ya tambaya ko filin nan yana cikin taswira, kuma da sunan wa. Kada ya aiki ɗan tsakani, kada ya biya ko kwabo ba tare da rasit na gwamnati ba. Idan ya koma Kurmi, ya gaya wa mutanen zangonsu kwana nawa abin ya ci da nawa ya kashe, ko daɗi ko akasinsa.