Iyakar Gaskiyar Gwajin Jini da na Kashi Wajen Gano Cutar Yone a Tumaki

Jawabi ga makiyaya, da masu turka raguna, da malaman dabbobi

Maganar yau a kan wata cutar tumaki ce wadda ba ta zuwa da hayaniya, da kuma gwaje-gwajen da likitocin dabbobi ke yi don gano ta. Dalilin ɗauko maganar kuwa shi ne, mutane da yawa sun ɗauka in dai an ɗebi jinin tunkiya an kai ɗakin bincike, takarda ta dawo ta ce ba a ga kome ba, to, shi ke nan, tunkiyar lafiyayya ce. A wasu cututtuka haka abin yake. A wannan cuta ba haka ba ne, kuma wanda bai san da wannan ba yana iya sa kuɗinsa ya sayo asara, ya kai ta garkensa da hannunsa.

Likitoci na kiran cutar faratubakulosis, amma sunan da ya fi sauƙin faɗa shi ne cutar Yone. Sunan wani likitan dabbobi ne Bajamushe, Heinrich Albert Johne, wanda shi da wani Ba'amurke, Langdon Frothingham, suka fara bayyana ta a jikin wata saniya a birnin Dresden cikin 1895. Ƙwayar da ke kawo ta dangin ƙwayar tarin fuka ce, sai dai ita hanji take nufa, ba huhu ba. Tana kama shanu da tumaki da awaki har da raƙuma. Yawanci tun ɗan tunkiya na ƙarami yake ɗaukarta, daga hantsar uwarsa wadda kashi ya ɓata, ko daga nono, ko ciyawa da ruwan da kashi ya zuba a ciki. Wani ma tun yana ciki. Daga nan sai ƙwayar ta laɓe a bangon ƙaramin hanji, shekara ɗaya, biyu, har uku, ba wata alama. Sannu a hankali bangon ya yi kauri, amfanin abinci ya daina ratsawa zuwa jiki. Tunkiya na ci kamar kullum amma tana ramewa, wani lokaci ƙarƙashin haɓarta ya kumbura, har dai ta kwanta. Babu maganin da ke warkar da ita.

Saniya mai wannan cuta zawo take yi ba ƙaƙƙautawa, don haka ba ta ɓuya. Tunkiya kuwa yawanci ba ta zawon, sai dai rama. Rama kuwa a ƙasar nan tana da iyaye da yawa: tsutsar ciki, ciwon hanta, sammore, yunwar rani, zubewar haƙora. Ido kaɗai ba ya rarrabewa, ko da idon tsohon makiyayi ne. Shi ya sa ake komawa ga gwaji.

Kowane gwaji ana auna nagartarsa da tambayoyi biyu. Ta farko, cikin dabbobin da ke ɗauke da cutar, nawa yake iya kamawa? Ta biyu, cikin dabbobin da ba su da ita, nawa yake ɗora wa laifin da ba su yi ba? Gwajin cutar Yone a tumaki yana da kyau ƙwarai wajen tambaya ta biyu, amma yana da rauni wajen ta farko.

A fara da gwajin jini, wanda aka fi sani da suna Ilaisa. Shi ne mafi araha da sauri, a kwana ɗaya ko biyu an gama. Abin lura shi ne, ba ƙwayar cutar yake nema ba. Wasu sinadaran kariya yake nema, waɗanda jiki ke ƙerawa ya zuba cikin jini idan ya gamu da abokin gaba. To, a cutar Yone jiki ba ya fara ƙera su da yawa sai tafiya ta yi nisa. Ɗan rago mai wata shida da ya sha ƙwayar a nonon uwarsa, jininsa zai fito fes. Bugu da ƙari, cutar iri biyu take fitowa a hanjin tumaki. Akwai wadda ƙwayoyin ke cika bangon hanji maƙil. Irin wannan gwajin jini kan kama mafi yawansu. Akwai kuma wadda ƙwayoyin kaɗan ne ƙwarai, amma hanjin ya lalace duk da haka. Irin wannan gwajin ya fi kuskure su fiye da kama su. Binciken da aka yi a garkunan ƙasar Ostireliya ya nuna sau da yawa gwajin jini ba ya kama ko rabin tumakin da ke ɗauke da cutar.

Ga misali na lissafi, don a ga abin da wannan ke nufi. A ƙaddara garke mai tumaki 1,000, guda 100 na ɗauke da cutar. A ƙaddara kuma gwajin na kama 40 cikin kowace 100 masu cuta, yana kuma yin kuskure a kan 1 cikin kowace 100 masu lafiya. In an gwada garken duka, za a kama masu cuta 40, a ɗora wa lafiyayyu 9 laifi, sa'an nan masu cuta 60 su wuce da takardar shaidar lafiya. Mai garken ya fid da waɗanda aka nuna masa, ya koma ya kwanta da murna, alhali waɗanda suka rage sun fi waɗanda ya fitar yawa. A ɗaya gefen kuma, a ƙaddara garken ba shi da cutar sam: gwajin zai iya nuna tumaki 10, ya ta da hankalin mai su a banza. Irin wannan kuskure kan faru idan dabba ta taɓa gamuwa da wasu ƙwayoyi dangin na cutar, waɗanda ke zaune cikin ƙasa da ruwa, ko ƙwayar da ke sa wa tumaki ƙurji mai mugunya a kaluluwa. Tunkiyar da aka yi wa allurar rigakafin cutar Yone ita ma jininta kan nuna kamar tana da ita.

Gwajin kashi kuwa ƙwayar kanta yake nema, kuma hanya uku ake bi. Mafi tsufa ita ce a shafa kashin a gilashi, a rina shi, a duba da madubin likita, a ga ko ƙwayoyin za su fito ja, dunƙule-dunƙule. In an gan su an samu hujja mai ƙarfi. In ba a gan su ba, ba a samu kome ba, don sai sun yi yawa ainun ake ganinsu.

Hanya ta biyu ita ce a shuka kashin a cikin kwalba mai abincin ƙwayoyin cuta, a jira su tsiro. Wannan ita ce shaidar da ba a musunta, domin abin da ya tsiro an gan shi da ido. Amma ƙwayar Yone ba ta da gaggawa ko kaɗan. Sai wajen 1912 wasu masana biyu na Ingila, Twort da Ingram, suka ba da labarin yadda suka iya tsirar da ita, kuma irin da ya fi kama tumaki ya fi na shanu taurin kai. A abincin ruwa-ruwa ana jiran mako 8 zuwa 12. A daskararre ana iya kai wa wata shida. Mai neman sayen rago a kasuwar gobe ba zai jira wannan ba.

Hanya ta uku, wadda ake kira Fi-Si-Ar, tana neman wani guntun sinadarin gado na ƙwayar wanda aka gano cikin 1989. Cikin 'yan kwanaki take ba da amsa, kuma tana jin ƙwaya ko da kaɗan ce. Wannan kaifin nata shi ne kuma aibinta, don ba ta bambanta matacciyar ƙwaya da rayayya. Lafiyayyar tunkiya da ta yi kiwo a gurɓataccen fili tana iya haɗiye ƙwayar ta kasayar da ita ba tare da ta kamu ba, gwaji kuwa ya nuna ta. Duk hanyoyin ukun nan suna da rauni guda: tunkiya ba kullum take zub da ƙwayar a kashinta ba. Yau akwai, mako mai zuwa babu, kuma a farkon cutar da wuya a samu.

Abin da ya faru a ƙasar Ayislan ya isa a tuna. Cikin 1933 aka shigo da tumaki 20 irin na Karakul daga Jamus don kyautata iri. An tsare su wata biyu, aka ga lafiyarsu lau, aka rarraba su gonaki. Sai 1938 aka gane cutar Yone a tumakin ƙasar, lokacin ta riga ta yi nisa. Daga baya ta shiga shanu, har dai aka wajabta allurar rigakafi cikin 1966. A wancan zamani babu irin gwaje-gwajen yau, gaskiya ne. Amma ko da akwai su, gwaji ɗaya a kan dabba mai ƙuruciya ba lalle ne ya hana abin da ya faru ba.

Ostireliya kuwa, inda aka fara ganin cutar a tumaki cikin 1980, ta koyi wata dabara: ta daina tambayar tunkiya ɗaya, ta koma tambayar garke. Akan haɗa kashin tumaki 50 manya wuri ɗaya a shuka a kwalba guda, a yi haka rukuni bakwai, watau tumaki 350. Kuɗi ya ragu, kuma in akwai ko da ƴan kaɗan masu zub da ƙwayar da yawa, za a same su. Haka kuma ana duba hanjin tumaki a mayanka. Wannan ita ce hikimar da ta fi kowace amfani a cikin maganar nan: gwajin da ke da rauni a kan dabba ɗaya yana da ƙarfi a kan dabbobi da yawa, domin da wuya duk masu cutar su kuɓuce masa lokaci guda.

Saboda haka mai garken da ya ga manyan tumakinsa, masu shekara biyu zuwa sama, suna ramewa ɗaya bayan ɗaya, ya ba da maganin tsutsa da na hanta bai ga canji ba, sai ya sanar da likitan dabbobi ko malamin dabbobi na yankinsa. Waɗanda suka fi ramewa su ya kamata a fara ɗiban jininsu da kashinsu, don su ne gwaji ya fi iya kamawa. In jini ya nuna, a tabbatar da gwajin kashi kafin a yanke hukunci a kan garken. In wata ta mutu ko an yanka ta, kada a yar da kayan ciki kafin likita ya gani. Kaurin ƙarshen ƙaramin hanji da kumburin kaluluwar da ke jikinsa, da abin da madubin likita zai nuna a guntun naman, sun fi jini da kashi faɗin gaskiya. Likitan ne zai san inda zai aika da samfur. Babbar cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasar nan tana Vom a Jihar Filato, tun 1924 take aiki, akwai kuma tsangayoyin likitancin dabbobi a jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri da Ibadan da Nsukka.

Mai sayen ragon iri ko tumakin haihuwa, musamman daga wata ƙasa, kada ya tsaya ga takardar dabbar da zai saya. Ya tambayi labarin garken da ta fito: sau nawa aka gwada shi, dabbobi nawa aka gwada, da wace hanya, kuma ko an yi musu allurar rigakafi. Inda aka tabbatar da cutar kuwa, a fid da ramammun da 'ya'yansu na baya-bayan nan, a ɗaga kwamin abinci da na ruwa sama da ƙasa, a share wurin haihuwa, kuma kada a kai ƙananan tumaki filin da masu cutar suka daɗe suna kiwo, domin ƙwayar na iya kai wa shekara guda da rai a inuwa.