Kafin Mu Sayi Kwamfuta: Furosesa Biyu ko Ɗaya?



Tun da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta a 2015, iyaye a birnin Katsina suka matsu 'ya'yansu su saba da ita tun daga firamare. Sau da yawa mu malamai ake tambaya wace za a saya, kuma da kuɗin karo-karo ake sayen. Dillalai sukan nuna mana tsohuwar saba ta gwanjo, wato uwar garke, su ce furosesa biyu gare ta, ga araha. Furosesa ita ce ƙwaƙwalwar kwamfuta, saboda haka mai ji sai ya ɗauka biyu ta fi ɗaya.

Mu gwada su. Xeon E5-2670 ta 2012 tana da sassa 8 masu aiki, idan an haɗa biyu sun zama 16. Core i5-12400 ta 2022, wadda ake sa wa kwamfutar tebur, sassa 6 kawai gare ta, amma kowane sashe ya ninka na waccan sauri. Mun san wannan daga makin jarrabawa. Takardu dubu suna rabuwa tsakanin malamai 16, amma wasiƙa ɗaya mutum ɗaya ne zai rubuta ta, sauran su zuba ido. Mafi yawan aikinmu irin na wasiƙar ne: buga tambayoyi, shigar da sakamako, buɗe intanet. A nan sabuwar ce kan gaba. Ko a aikin da yake rabuwa, sukan yi kusan kunnen doki.

Sai batun wuta. Kowace Xeon an ƙayyade mata wat 115, biyu ke nan 230, ita kuwa sabuwar wat 65 ne ma'auninta na yau da kullum. Makarantar da ke dogaro da janareto ko sola za ta ji wannan bambanci a aljihunta, balle a zafin Afrilu da ƙurar hunturu. Ban da haka, Microsoft ta janye tallafin Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma Windows 11 ba ta lissafa wannan Xeon cikin waɗanda ta amince da su ba.

Saba tana da muhallinta. Tana ɗaukar ma'ajiya mai yawa, an ƙera ta don aiki dare da rana, kuma ita ta dace da ɗakin da kwamfutoci da dama suke ɗibar tambayoyi daga wuri guda. Ga ofishin hedimasta ko ƙaramin ɗakin koyo, shawararmu a sayi ta tebur mai furosesa ɗaya sabuwa, ragowar kuɗin a sa a batir da sola. Kafin a biya, mu tambayi shekarar furosesa da wutar da take ci.