Takarda Tana Hannunmu, Maganar Ta Magada Ce: Neman Masu Haƙƙin Mallakar Rubuce-rubucen 'Yan Mazan Jiya



Idan iyali suka kawo wa gidan tarihi akwatin wasiƙun kakansu soja, takarda da tawada suka bayar. Haƙƙin mallakar maganar da ke ciki yana nan hannun wanda ya rubuta, in ya rasu ya koma ga magadansa, sai fa in an rubuta yarjejeniyar miƙa shi. Mai bincike zai iya zuwa ya karanta a ɗakin karatu, amma ɗaukar hoton wasiƙar a ɗora a intanet kwafi ne, kwafi kuwa sai da izini. Abin ya fi cakuɗewa da wasiƙun da sojan ya karɓa, domin kowace tana da nata marubuci, uwa ko aboki ko budurwar da ba a san abin da ya faru da ita ba.

Gidan Tarihin Yaƙi na Daular Birtaniya da ke Landan, wanda aka kafa a 1917, ya daɗe yana fama da wannan. Dokar haƙƙin mallaka ta 1988 ta ƙasar ta tanadi cewa rubutun da ba a taɓa wallafawa ba, wanda mai shi ya mutu kafin 1969, yana ƙarƙashin kariya har ƙarshen 2039. Ke nan wasiƙar sojan da aka kashe a fagen yaƙin Som a 1916 za ta yi shekara 123 a ɗaure bayan mutuwarsa. A 2014 gidan tarihin ya shiga gangamin neman gyaran dokar, har aka baje farar takarda a gurbin wasiƙar da aka kasa nunawa. A watan Oktoba na shekarar gwamnati ta buɗe tsarin ba da lasisi ga rubuce-rubucen da ake kira marayu, wato waɗanda aka nemi mai su aka rasa. Sai an nuna an yi bincike na haƙiƙa, a biya kuɗi, lasisin kuma bai wuce shekara 7 ba, ba ya aiki a wajen Birtaniya. Ga intanet da ba ta san iyakar ƙasa ba, wannan magani bai kai ga ciwon ba.

Binciken kansa aikin haƙuri ne. Ana komawa fayil ɗin ranar da aka karɓi kayan, a rubuta wa tsohon adireshi, a duba rajistar wasiyya da sanarwar rasuwa, a tuntuɓi ƙungiyoyin tsofaffin sojoji. Sau da yawa wasiƙar takan dawo ba a buɗe ba.

Mu ma a Nijeriya abin ya shafe mu. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun yi yaƙin Bama, a kwarin Kaladan da Arakan, kuma Hausa ce harshen bariki a tsakanin sojojin Nijeriya. Da yawansu ba su yi boko ba, wani suka yi wa shifta ya rubuta musu, wasu suka yi da ajami. An rubuta sunan mutum da sunan garinsu kawai, Musa Kano ko Garba Sakkwato, to a ina za a fara cigiya? In ma an dace, gado ya rarrabu tsakanin 'ya'ya da jikoki masu yawa. Dokarmu ta 2022 tana kare rubutu har shekara 70 bayan rasuwar marubuci, saboda haka sojan da ya rasu a 1990 haƙƙinsa na raye har 2060.

Duk da wahalar, ba na goyon bayan a ɗora kawai a jira mai ƙorafi. Wasiƙun nan akwai sirrin gida a ciki, kuma mutanen da aka kwashi iyayensu zuwa yaƙin da ba nasu ba sun cancanci a nemi yardarsu. Hanyoyin cigiya muna da su: rediyo, fadar hakimi da dagaci, ofisoshin 'yan mazan jiya, limaman unguwa.

Roƙona ga gidajen adana tarihinmu na Kaduna da Zariya da sauransu shi ne, daga yau duk wanda ya kawo takardun mahaifinsa, kada ya tashi sai an rubuta sunayen magada, an karanta masa takardar izini da Hausa, ya sa hannu. 'Ya'yan waɗannan sojoji sun manyanta, a je musu tun suna iya ba da amsa.