Ina Iyakar Hanyar Jama'a? Jawabi ga Dattawan Ikilisiya

An ba ni ɗan lokaci in yi bayani a kan abin da doka take nufi da hanyar jama'a, tun da yake yawancin majami'unmu a bakin hanya suke.

A idon doka, hanya ba kwalta kaɗai ba ce. Lambatu, da kwalbati, da gada, da filin da aka bari dama da hagu, duk hanya ne. Wannan fili na gefe shi ne yake jawo mana hasara, domin mutum ya kan gan shi ciyawa ta rufe, sai ya ɗauka ba shi da mai shi.

Hanyoyin Nijeriya kashi uku ne. Rukunin A na Gwamnatin Tarayya ne, kamar A2 da ta bi ta Abuja, Kaduna, Zariya zuwa Kano, ko A3 da ta ratsa Jos da Bauci. Dokar manyan hanyoyin tarayya ta 1971 ce take mulkinsu. Rukunin B na jiha ne, rukunin C kuma na ƙaramar hukuma. Tsarin Mulki na 1999 ya ba ƙaramar hukuma aikin gyaran titunan unguwa da raɗa musu suna. Ku lura, hanyar tarayya ba ta zama ta jiha don kawai ta shigo gari ba.

A hanyar tarayya, Ma'aikatar Ayyuka ta kan riƙe mita 45.72, wato ƙafa 150, daga tsakiyar hanya zuwa kowane ɓangare. Dattawa, ku auna wannan da idonku: ya kusa rabin tsawon filin ƙwallo. Katanga ko shagon haya da ikilisiya ta gina a ciki, ranar da za a faɗaɗa hanya rushewa za a yi, kuma da wuya a ga diyya. Takardar ciniki da mai unguwa ya sa wa hannu ba za ta cece mu ba. Amma idan filin namu ne bisa ƙa'ida, sa'an nan gwamna ya karɓe shi domin yin sabuwar hanya, Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta ce a biya diyyar ginin da amfanin da ke kai. Saboda haka kafin a sayi bulo ko ɗaya, a kira safiyo, a kuma tambayi ofishin tsara gari wace gwamnati ce take da hanyar.

Sai batun amfani da hanya. Haƙƙin kowa shi ne ya wuce. Jerin gwano na Ista ko Kirsimeti wucewa ne, kuma a 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara, a shari'ar Sufeto Janar na 'Yan Sanda da jam'iyyar ANPP, ta yanke cewa taron lumana ba ya bukatar izinin 'yan sanda. Duk da haka, ni shawarata ita ce a rubuta wa ofishinsu wasiƙar sanarwa, a ajiye kwafi. Kafa rumfa da jera benci a tsakiyar titi ranar aure kuwa, wannan tare hanya ne, laifi ne a dokar final kot, ko da titin ƙofar majami'armu ne.

Yanzu zan karɓi tambayoyi, mu fara da ikilisiyoyin da suke da gini a hannu.