Sabon inji a tsohuwar BMW: saurari wannan kafin ka kai ta gareji

Yau hirar ta 'yan mota ce, musamman ku samarin Unguwar Rimi, Malali da Kawo da kuka kamu da son tsohuwar BMW ɗin nan mai kusurwa-kusurwa, wato E30, wadda aka ƙera daga 1982 zuwa 1994. Kowa burinsa ya cire tsohon inji ya dasa mata sabo. To bari mu yi maganar dalla-dalla.

Injin da 325i ta zo da shi, M20, filogi shida ne, bawul 12, ƙarfin doki wajen 170. Wanda aka fi dasawa shi ne M50 na E36 ko E34, shi ma filogi shida amma bawul 24, ƙarfinsa wajen 190. Bambancin a takarda kamar ba yawa, amma motar ba ta da nauyi, kana taka totur za ka ji shi a bayanka.

Sai dai ba ɗauka ka ajiye ba ne. Kaskon baƙin mai na injin E36 yana karo da ƙarfen da ke riƙe ƙafafun gaba, shi ya sa ake neman na E34. Bututun iskar injin kuma yana gogar tukunyar birki, dole a matsar da ita ko a sa ƙarama. Ga waya: birenbos ɗin sabon inji sai an haɗa shi da tsofaffin wayoyin mota, kuma a nan ne rewaya mai gaggawa yake ɗaure waya da salatif, bayan wata biyu ka ji ƙauri a tsakiyar Ali Akilu.

Sitiyari fa? Na asali sai ka murza shi kusan sau huɗu daga ƙarshe zuwa ƙarshe. In aka sa rak na E36 ya koma uku da 'yan kai, na Z3 bai ma kai uku ba. Motar ta riƙa jin magana nan take, daɗi! Amma sandar da ke haɗa sitiyari da rak sai an rage mata tsawo. Don Allah, wannan ba wurin da za a yi waldar "riƙe min na kai gida" ba ne. In inji ya mutu, ka gangara gefen titi. In sandar sitiyari ta ɓalle kana gudu, babu gefen da za ka zaɓa.

Ga inda nake so mu tsaya. Yawancinmu kuɗin gaba ɗaya a inji muke zubawa, birki ya zauna yadda yake tun 1988, taya kuma 'yar Beljiyam da ta sha rana. Ka ƙara ƙarfi, ka ƙara nauyi a gaba, amma abin tsayar da motar ba ka taɓa shi ba. Tsarin da ya kamata shi ne birki da tiyoyinsa tukuna, sai taya da ƙafafu, sai sitiyari, inji a ƙarshe. In kuɗin ya ƙare a hanya, aƙalla kana da motar da ke tsayawa. Kuma kar ka manta takardu: lambar inji ta canza, ka karɓi rasit daga wanda ya sayar maka, ka je a gyara a takardun mota tun kafin a tare ka.

Hannu kuwa muna da shi. Garin da aka fara haɗa Peugeot 504 a Kakuri tun 1975, garin da ke da Panteka, ba za a ce babu gwanaye ba. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da hukumar NBTE sun riga sun fara aiki da masu sana'ar Panteka don su samu takardar shaidar ƙwarewa. Abin da ya rage mu masu kai aiki mu daina matsa wa oga ya gama kafin ranar ɗaurin aure.

Tunda na ambaci biki: a Soweto ta Afirka ta Kudu, da wannan E30 ɗin suke wasan juya mota, har aka amince da shi a matsayin wasa, ana yinsa a fili mai shinge. Mu kuma a titin unguwa muke yi, yara na tsaye a bakin kwalbati, mai Keke Napep na fitowa daga lungu. Mu nemi fili da izini, ƙungiya-ƙungiya, mu bar titi ga masu wucewa.

Wanda ya taɓa yin wannan aikin, ya faɗa mana a ƙasa nawa ya ware wa birki. A tura wa abokin nan da ke tara kuɗin inji. Sai mun haɗu a shiri na gaba, Allah Ya tsare mu a hanya.