Wa Ya Tsara Maɓallin "Na Amince"?



Yau maganar ɗan akwatin nan za mu yi, wanda ke faɗo maka a allon waya da zarar ka buɗe shafin intanet. Ya rufe labarin da ka zo karantawa, wai yana neman izininka. Ga maɓalli babba, shuɗi shar, daidai inda babban yatsanka yake sauka: "Na amince da duka." Na ƙin yarda kuwa sai ka ƙura ido: ɗan rubutu ne toka-toka a gefe, ko ma babu shi, sai "ƙarin zaɓi" da zai kai ka wani shafi, daga can wani. Data na ƙarewa, kai kuma kana sauri. Sai ka danna shuɗin.

Abin da ka yarda da shi su ne kukis, ƙananan bayanan da shafi ke ajiyewa a wayarka. Wasunsu dole ne, kamar masu tuna cewa ka riga ka shiga asusunka. Wasu kuwa na 'yan talla ne, suna bin sawunka daga shafi zuwa shafi.

Launin nan da girman nan, mutum ne ya zauna ya zaɓa. Kamfanoni kan nuna wa mutane siffa biyu daban, su ƙirga wadda aka fi dannawa, su riƙe ta. Tun 2010 wani masanin tsara manhaja ɗan Ingila, Harry Brignull, ya fara tattara irin waɗannan dabaru yana fallasa su. Ni dai a wurina, yardar da aka samu don an gajiyar da mutum ba yarda ba ce.

Hukumomin Turai ma haka suka gani. A 2019 Kotun Tarayyar Turai, a shari'ar kamfanin Planet49 na Jamus, ta ce akwatin da aka riga aka yi maka alamar yarda a cikinsa ba izini ba ne. A watan Janairun 2022 hukumar kare bayanai ta Faransa, CNIL, ta sanar da cin tarar Google Yuro miliyan 150, Facebook kuma miliyan 60. Laifin? Amincewa dannawa ɗaya ce, ƙi kuwa sai an yi ta dannawa. A Facebook ma, kafin ka kai wurin ƙin, sai ka bi ta wani maɓalli da aka rubuta masa "karɓi kukis". Aka ba su wata uku su gyara, ko su riƙa biyan Yuro 100,000 kowace rana. Google ya ƙara maɓallin "ƙi duka" kusa da ɗan'uwansa.

Amma maɓalli fuska ce kawai, ginin yana baya. A Disambar 2020 hukumar ta ci Amazon tarar Yuro miliyan 35 saboda shafinsa yana zuba kukis na talla tun kafin mutum ya taɓa komai. Injiniyan kirki yana tsara manhaja ne yadda babu abin da zai motsa sai an sami amsarka.

Mu a nan Najeriya, inda abin ya fi ciwo shi ne manhajojin ba da rance. Mutum na cikin matsi, aka ce ya ba da izinin ganin lambobin wayarsa, ya danna. Ya makara biya, sai saƙon cin mutunci ya isa wurin surukinsa da maigidansa. Daga ƙarshen Mayun 2023 Google ya hana irin waɗannan manhajoji taɓa lambobi da hotuna, kuma dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ce shiru ba yarda ba ne.

Don haka a daren nan, ɗan'uwa, 'yar'uwa, shiga saitin wayarka, ka buɗe sashen manhajoji, ka duba izinin kowacce. Manhajar tocila da ke neman lambobin mutanenka, ka janye mata izinin, ko ka goge ta gaba ɗaya.